Inuwar da Ladan Ya Daina Aunawa

A bangon gabas na masallatan unguwa da yawa a yau akwai wani allo mai jajayen lambobi da ke ƙyaftawa dare da rana: Asuba ƙarfe kaza, Azahar kaza, La'asar kaza. In wuta ta ɗauke, batir ya riƙe shi. In batir ya mutu, ladan ya zaro waya daga aljihu. Abin da ya salwanta tsakanin allon da wayar, ba tare da kowa ya yi masa sallama ba, shi ne ɗan filin nan na ƙofar masallaci inda a da ladan yake tsayawa da tsakar rana. Sai ya tuɓe takalmi, ya ba rana baya, ya lura da inda inuwar kansa ta tsaya, sannan ya taka zuwa wurin yana jera sawu, dunduniya na taɓa babban yatsa, yana ƙirge a zuci, rairayi kuwa na gasa masa tafin ƙafa. Yanzu an shafe filin da siminti, an kafa rumfar kwano saboda sahu ya ƙaru. Inuwa ma ba ta da inda za ta faɗi.

Awon yana da ƙa'ida. Malaman fiƙihu sun ƙiyasta tsawon mutum da ƙafa bakwai na sawunsa. Da hantsi inuwa tana da tsawo, tana ta raguwa har rana ta kai tsaka, sai ta tsaya a mafi gajartarta, daga nan ta soma miƙewa wajen gabas. Wannan shi ne zawali, farkon Azahar. Idan inuwa ta ƙaru da tsawon mutum guda a kan abin da ta rage a lokacin zawali, La'asar ta shiga. Duk wanda ya zauna gaban malam ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya ci karo da wannan bayani. Wahalar tana cikin ragowar inuwar nan ta zawali, domin ba ta zama wuri ɗaya. A Kano, a ƙarshen Disamba, takan kai kusan ƙafa biyar, ta kwanta wajen arewa. Daga nan sai ta yi ta shigewa ƙarƙashin mai ita, har wajen 21 ko 22 ga Afrilu, ranar da mutum zai tsaya da tsakar rana ya nemi inuwarsa ya same ta dunƙule a gindin ƙafarsa. Bayan haka sai ta ɓullo ta kudu, 'yar gajeruwa, ba ta kai ƙafa ɗaya da rabi ba ko a ƙarshen Yuni, sannan ta dawo ta sake ɓuya wajen 21 ga Agusta kafin ta koma arewa.

Tsohon ladan ya san duk wannan da tafin ƙafarsa. In aka tambaye shi dalili, yakan ce rana ta yi kudu, ko rana ta dawo, kuma bai yi ƙarya ba, haka ido yake gani.

Dalilin kuwa yana cikin yadda duniya take tsaye. Tana juyawa a kan kanta sau ɗaya a kowane yini da dare, kamar katantanwar da yara ke murzawa a kan rairayi, tana kuma kewaya rana sau ɗaya a cikin kwana 365 da kusan rubu'i. Sai dai ba a miƙe take ba. Ta karkata da kimanin digiri 23.4, kuma karkatar tana fuskantar sashe ɗaya na sama duk shekara. Saboda haka a Yuni rabin duniya na arewa ne ya sunkuya wa rana, a Disamba kuma na kudu. Mai tocila zai iya gwadawa a ɗaki: ya haska ƙasa kai tsaye, hasken ya taru wuri guda da ƙarfi, ya karkata hannu, hasken nan dai ya bazu ya yi rauni. Haka zafin rana yake a doron ƙasa. Iyakar inda rana ke iya tsayawa daidai bisa kan mutum ta wajen arewa wani layi ne da ya ratsa kudancin Aljeriya da Libiya, ya bi ta kusa da Aswan a Masar, ya wuce tsakanin Makka da Madina. Ƙasar Hausa tana kudu da wannan layi, shi ya sa rana ke ƙetare ta sau biyu a shekara, tafiya da dawowa. Mutumin Landan ko Alƙahira bai taɓa ganin inuwarsa ta faɗi kudu da tsakar rana ba.

Mutane da yawa, har da waɗanda suka yi boko, suna zaton zafi na zuwa ne idan duniya ta matso kusa da rana. Lissafi ya ƙaryata haka. A farkon Janairu ne duniya ta fi kusa da rana, kimanin kilomita miliyan 147, a daidai lokacin da ake hura wuta a ƙofar gida ana jin ɗumi, leɓe na tsagewa, kaushi na cin dunduniya. A farkon Yuli kuma ta fi nisa, kilomita miliyan 152. Wannan bambanci bai kai ya rinjayi karkatar ba.

A nan kusa da tsakiyar duniya, tsawon yini ba ya sauyawa da yawa. Yini mafi tsawo a Kano awa 12 ne da minti 50, mafi gajarta awa 11 da minti 25 ko kusa da haka. Duk da haka mai azumi ya san bambancin, domin Magariba takan faɗi shida saura 'yan mintuna a tsakiyar Nuwamba, ta kai bakwai saura biyar a farkon Yuli. Wanda ya je karatu Ingila shi ke dawowa da labari mai ban mamaki: a Landan yinin Yuni ya haura awa 16 da rabi, na Disamba bai cika awa 8 ba. A garin Tromso na Norway rana ba ta faɗuwa sam daga ƙarshen Mayu zuwa ƙarshen Yuli, abin da ya tilasta wa malaman wannan zamani yin fatawa kan yadda Musulmin can za su yi salla da azumi. Tsohon ladan bai taɓa fuskantar irin wannan tambaya ba, jikokinsa kuwa suna aiko ta ta WhatsApp.

Abin da karkatar duniya ta hana mu a tsawon yini ta biya mu shi a ruwa. Yayin da rana ke hawowa arewa a Maris da Afrilu, ƙasar Sahara da gefenta suna ɗaukar zafi, iskar da ke kansu ta yi sama, sai iska mai laima daga Tekun Atlantika ta kwararo daga kudu maso yamma don ta cike gurbin. Bazara kenan, lokacin da dare ba ya kwantuwa a ɗaki, ruwan randa ya zama kamar an ɗora a wuta, kowa na duban gabas yana jiran hadari. Iyakar da iskar nan mai laima ke haɗuwa da busasshiyar iskar hamada tana bin sawun rana a baya-baya, da jinkirin wasu makonni. Takan isa Zariya kafin Kano, ta isa Kano kafin Damagaram, ta kai Agadas a makare ta kuma bar ta da wuri. Shi ya sa damina ke gajarta duk sa'ad da aka ƙara yin arewa. A Agusta rana tana sake tsayawa bisa kai kamar yadda ta yi a Afrilu, amma ba mai jin ta, domin gizagizai da marka sun rufe ta. Idan ta koma kudu, ruwa ya bi ta, kaka ta shigo da ƙanshin sabon gero da tafasar gyaɗa, sannan iskar arewa maso gabas ta karɓi fili ta kawo hazo, wanda kaso mai yawa nasa ke tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi.

A da manomi bai riƙe kalandar bango ba. Yana da malamin hisabi, yana da kuma sama. Malaman sun raba shekara zuwa taurari 28, kowane da kwana 13, in ban da Jabha mai kwana 14, jimla 365. Bakwai daga ciki na damina ne: Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha da Harsan, sai Sarfa ta buɗe kaka. A majalisa bayan La'asar akan ji dattijo yana tambayar wane tauraro ake ciki kafin ya yanke shawarar sake shuka inda ta ƙone. Asalin waɗannan taurari masaukai ne na wata, wanda ke zaga sama cikin kwana 27 da sulusi, yana kwana kusa da ɗaya kowane dare. Rana kuma, a ganin ido, tana bin hanyar nan a hankali cikin shekara guda, saboda mu ne muke kewaya ta. Wanda bai yi karatu ba ma yana da Kaza da 'Ya'yanta, wadda malamai ke kira Surayya. Da hunturu tana bisa kai bayan Isha'i. Wajen ƙarshen Afrilu sai ta nutse a yamma tare da rana, ta ɓace na wasu makonni, ta sake fitowa a gabas kafin asuba cikin Yuni, kuma ɓatan nata yana dacewa da ƙaratowar ruwan shuka. Ilimin nan ya yi zurfi a ƙasar nan har ya fitar da irin su Muhammad al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari wanda ya rasu a Alƙahira a 1741.

Sai dai kada ƙauna ta rufe ido. Hisabin taurari yana faɗin lokacin da ruwa ya saba zuwa ne, ba shi da labarin shekarar da zai ƙi zuwa. A 1973 da 1984 taurarin damina sun shigo ɗaya bayan ɗaya kamar kullum, gero ya bushe a tsaye, shanu suka mutu a kan hanyar kudu. Hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara, mai dogaro da zafin teku da hotunan tauraron ɗan'adam, shi ma yakan kuskure, amma aƙalla yana ƙoƙarin amsa tambayar da hisabi bai taɓa iya amsawa ba. Har ila yau, katantanwar nan ta duniya tana ɗan layi kamar yadda ta yara ke yi, layin da ke ɗaukar kimanin shekara 26,000 kafin ya zagayo. Sakamakonsa shi ne taurari suna zamewa daga yanayin shekara da kusan kwana ɗaya a kowace shekara 72. Jadawalin da aka tsara shekaru dubu da suka wuce sunayensa na nan, amma taurarin sun gusa daga kwanakin da aka rubuta musu.

Wata kuwa, shi ne aka fi yi wa rashin kirki.

Kafin lantarki, kafin fitilun sola da suka cika tituna a 'yan shekarun nan, wata ne ke raba dare biyu. Akwai daren duhu, na a-ci-balbal da fitilar ƙwai, wanda ake kwanciya da wuri, kare ya yi haushi a ji gaba ya faɗi. Akwai kuma daren farin wata sha kallo, lokacin da dandali ke cika, 'yan mata na gaɗa, samari na langa da kokawa, tsohuwa ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida yara su kewaye ta don tatsuniya, hasken ya kwanta a kan danga da rumbu har ana iya tsintar allura. Fatake suna tsara tafiyarsu da shi. Ko yaro ya san wata kwana nawa yau, domin ya gan shi jiya. Ya san Zara matar wata idan ta tsaya kusa da jinjirinsa a yamma, ko da yake bai san ita ce Gamzaki mai fitowa da asuba a wasu watanni ba, duniya ce guda mai kewaya rana a falakin da ke cikin namu. Yau a tsakiyar Kano ko Kaduna ana iya tambayar mutum goma ko wata na sama a daren jiya, a rasa mai amsa.

Wata ba shi da hasken kansa, na rana yake aro, kuma kullum rabinsa ne ke haskake. Abin da ke sauyawa shi ne yawan abin da muke hangowa daga wannan rabi yayin da yake kewaya mu. Idan ya shiga tsakaninmu da rana, ɓangarensa mai duhu ne ke fuskantarmu, sai a ce wata ya ɓata. Da ya ɗan gota, sai siririn gefensa ya bayyana a yamma bayan faɗuwar rana, a nan ƙasashenmu sau da yawa a kwance kamar ƙwarya, a ce wata ya tsaya. Kowane dare yana jinkirta fitowa da kimanin minti 50, yana ƙara cika, har daren sha huɗu lokacin da duniya ke tsakani, ya fito a gabas daidai faɗuwar rana. Daga tsayuwa zuwa tsayuwa kwana 29 ne da awa 12 da minti 44 a matsakaici, shi ya sa wata ke yin 29 ko 30, ba ya yin 31. Sha biyu daga cikinsu kwana 354 ne, sun gaza shekarar rana da kusan kwana 11.

Kwana goma sha ɗayan nan ne ke yawo da azumi cikin yanayin shekara. Watan Cika-ciki, watan Azumin Tsofaffi, watan Sha Ruwan Tsofaffi, duk ba su da damina ko rani na kansu. Waɗanda suka yi azumin Afrilu a 2021 da 2022, suna jiƙa zane suna lulluɓa saboda zafi, iyayensu sun yi irinsa a 1988 da 1989. Azumin 2011 ya faɗo cikin marka, na 2000 cikin sanyi. Zagayen yana cika a kimanin shekara 33, don haka dattijo mai shekara saba'in ya ga azumi ya faɗo a kowane yanayi sau biyu. A 2030 ma Ramadan zai kama sau biyu, a Janairu da kuma Disamba.

A duban watan azumi ne kaɗai tsohuwar al'adar ɗaga kai ta rage da ranta, ita ma ta sauya kama. A da mutane kan fita bayan gari ko su hau soro ranar 29, masu kaifin ido su nuna da yatsa, a kai shaida gaban alƙali, a buga bindiga ko tambari, mahaya su kai labari ƙauyuka, wani ƙauyen ma sai da hantsi labari zai riske shi. Yanzu Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, wanda ya hau gadon sarauta a 2006, yana da kwamitin duban wata na ƙasa, sanarwa kuma tana isa ko'ina cikin minti kaɗan ta rediyo da Facebook. An samu haɗin kai da ba a da shi a da. An kuma samu ma'auni, domin masana falaki suna iya faɗin minti da wata zai shiga tsakaninmu da rana, kuma an san ido ba ya kama jinjirin sai ya haura awa 15 da haihuwa, galibi ma fiye da haka. Wanda ya ce ya ga wata kafin a haife shi, ko bayan ya riga rana faɗuwa, wani abu dabam ya gani, komai gaskiyarsa. Abin takaicin shi ne masu fita duban sun ragu ƙwarai. Dubban mutane na zaune a ɗaki suna jan allon waya da yatsa suna jiran a ce an gani, alhali yamma tana nan a buɗe a bayan gidansu.

Husufi ma ya bar hannun tsoro. Falakin wata ya karkace da kusan digiri 5 daga na duniya, don haka a yawancin watanni inuwar ɗaya tana wuce ɗayan ta sama ko ta ƙasa. Sai an dace sun daidaita a layi guda ake samun husufi. A da idan wata ya yi ja cikin dare, akan ce rana ta kama wata, yara su fito da gwangwani da tsofaffin kwanoni suna kaɗawa suna roƙon a sake shi, manya na salla a masallaci. Akwai daɗin tunawa a wannan, amma rashin sanin dalili ya taɓa yin ɓarna. A Janairun 2001, bayan husufin wata, wasu matasa a Maiduguri sun ƙona otal-otal da mashaya suna cewa zunubin masu wurin ne ya jawo shi, alhali tun ranar da ɗan Annabi, Ibrahim, ya rasu aka yi husufin rana, Manzon Allah (SAW) ya yi bayanin cewa rana da wata ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Shekara biyar bayan abin Maiduguri, ranar 29 ga Maris 2006, inuwar wata ta ratsa Gana da Togo da Benin, ta bi ta kan Gusau da Katsina ta shiga Nijar, gari ya yi duhu da hantsi, kaji suka nufi akurki. A wannan karon gidajen rediyo sun yi kwanaki suna faɗin ranar da sa'ar, suna gargaɗin kada a kalli rana da ido tsirara, mutane kuma suka fito suna jira.

To, me aka samu, me aka rasa? Allon masallaci ya fi sawun ladan daidaito, kuma yana aiki ranar da hadari ko hazo ya rufe rana, ranar da tsohon ladan sai dai ya yi kirdado. Amma allo ba ya sanin garin da aka rataye shi sai an gaya masa. Rana tana faɗuwa a Maiduguri kusan rabin awa kafin ta faɗi a Sakkwato, kuma ana samun mai ɗauko jadawalin wani gari ya yi buɗa-baki da shi, rana na kallonsa. Zawalin Kano kansa yana yawo tsakanin sha biyu da minti goma a farkon Nuwamba zuwa ɗaya saura minti ashirin a tsakiyar Fabrairu, saboda duniya tana ƙara sauri idan ta kusanci rana, ga kuma karkatar. Tsohon ladan yana bin wannan yawo ba tare da ya san sunansa ba. Ɗalibin sakandare na yau zai iya zana duniya a karkace a takardar jarrabawa ya ci maki, amma a tambaye shi ta ina inuwarsa ke faɗuwa a watan Yuni, sai ya yi shiru. Laifin kuwa ba nasa ba ne shi kaɗai, domin ba kasafai ake samun malamin da zai fitar da aji waje ya kafa sanda a fili ba, ko da yake darasin ba ya cin ko kwabo.

Wani abin sha'awa shi ne inda ilimin ya sake ɓullowa. Matasan da ke hawa rufin gidaje suna kafa farantan sola sun san dole faranti ya fuskanci kudu, a ɗan kwantar da shi digiri goma zuwa sha biyar, domin a nan rana ta fi daɗewa cikin shekara. Sun san inuwar tankin ruwa da ba ta taɓa faranti a Mayu za ta iya hawa kansa a Disamba ta rage wuta. Da awon nan suke cin abinci, kamar yadda magina na da suke duban mafitar rana da mahadar ruwan gabas kafin su yanke inda ƙofar ɗaki za ta kalla.

Sau biyu a shekara kuma, ranar 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya da Nijar, da ranar 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27, rana tana tsayawa daidai bisa Ka'aba. A wannan minti duk wanda ya fuskanci rana daga Kano, Maraɗi ko Zangon Kumasi, inda agogo ke baya da awa guda, alƙibla ya fuskanta, kuma inuwar kowace sanda da aka kafa a miƙe tana kwance a kan layin Makka. Kwamitocin masallatai da dama sun soma amfani da ranakun don duba ginin da suka gada. Sanarwar takan zo ta waya, amma awon sai an fita daga rumfar kwano, an nemi inda rana ke taɓa ƙasa, an kafa sanda, an ja zare a kan inuwarta.